Idan Bututun Intakula Ya Fashe: Abin da Ya Kamata Ka Sani Game da A-kori-kura Mai Dizal

Mota mai shan dizal tana iya rasa galibin ƙarfinta cikin daƙiƙa ɗaya alhali babu abin da ya karye a cikin injin. Kana hawan tudu da kaya sai ka ji ƙarar fashewa, har ka ɗauka taya ce. Ka taka totur, motar ta ƙi amsawa. Ka duba madubi, baƙin hayaƙi ya turnuƙe bayanka. A irin wannan lokaci hankalin mai mota kan tafi ga abubuwa masu tsada: turbo, ko nozul, ko ma injin ɗungurungum. Sau da yawa kuwa abin bai kai can ba. Wani bututu ne da ke kai iska cikin inji ya tsage, ko ya suɓuce daga inda aka ɗaure shi. A duk kayan da ke kan hanyar iskar nan yana cikin mafi araha, kuma shi ya kamata a fara dubawa kafin a kwance komai.

Mene ne turbo, mece ce kuma intakula?

Injin dizal ba shi da fulogi irin na injin fetur. Iska yake zuƙa, ya matse ta a cikin silinda har ta ɗauki zafi mai tsanani, sannan nozul ya fesa mai, man ya kama da kansa. Ƙarfin inji ya danganta da yawan man da zai iya ƙonawa, mai kuma ba ya ƙonewa sai ya sami isasshiyar iska. Idan aka ƙara mai ba a ƙara iska ba, hayaƙi kawai za a samu.

Turbo shi ne abin da ke ƙaro iskar. Farfela biyu ce a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga inji yana juya ta farko, ita kuma tana juya ta biyu, wadda ke zuƙo iska daga matata ta tura ta cikin inji da ƙarfi. Juyawar takan wuce sau 100,000 a minti guda. Dabarar tsohuwa ce, tun 1905 wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Alfred Büchi ya yi mata rajista.

Sai dai duk iskar da aka matse sai ta yi zafi. Idan ka taɓa buga wa keke iska da famfon hannu, ka san yadda gindin famfon yake ɗaukar ɗumi bayan ɗan lokaci. Iskar da ke fitowa daga turbo lokacin da mota ke jan kaya tana iya kaiwa digiri 150 a ma'aunin Salshiyos, wato ta fi tafasasshen ruwa zafi nesa ba kusa ba. Iska mai zafi kuma buɗewa take yi, kaɗan ce za ta shiga silinda ta cika shi. Shi ya sa ake bi da ita ta cikin intakula kafin ta isa inji. Intakula kamannin lagireto gare ta, amma iska ce ke bi ta cikinta ba ruwa ba, iskar waje kuma tana kaɗa ta tana rage wa ta ciki zafi. A wasu motocin tana gaba, kusa da lagireto. A wasu tana kwance a saman inji, dalilin da ya sa kake ganin 'yar ƙofar shan iska a kan bonet ɗin wasu Hilux masu dizal ke nan. Akwai ma wadda ruwa ke sanyaya ta.

Ina bututun yake?

Biyu ne. Ɗaya yana ɗauko iska daga turbo zuwa intakula, ana kiransa na ɓangaren zafi. Ɗayan yana ɗauka daga intakula zuwa bakin inji, shi ne na ɓangaren sanyi. Wani na ƙarfe ne ko alminiyam, wani na roba mai tauri, wani kuma tiyo ne mai laushi da zare a cikinsa. Ko da na ƙarfe ne, a mahaɗinsa za ka ga guntun tiyo da kilif, wato zoben ƙarfen da ake ɗaurewa da noti.

Kada ka raina aikin da wannan mahaɗi yake yi. Ana auna matsin iska da psi, ma'aunin da mai faci ke dubawa idan yana buga wa taya iska. A matsakaitan a-kori-kura matsin yakan kai psi 15 zuwa 20 da wani abu, a manyan na Amurka kuwa yakan haura 25. Ɗauki bututu mai faɗin inci 3 a matsin psi 20: ƙarfin da ke ƙoƙarin zare shi daga mahaɗinsa ya haura nauyin kilo 60. Kilif ɗaya da ɗan tudun da aka yi a bakin bututun su ne kaɗai ke riƙe da wannan nauyi.

Wace mota abin ya shafa?

Ba kowace ba. Hilux mai injin fetur na lita 2.7, wadda ta cika hanyoyin Najeriya, ba ta da turbo, balle intakula. Haka Hilux mai tsohon injin dizal na 5L, da Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya mai injin 1HZ da ake ji da ita a hanyoyin Sahara: dizal suke sha, amma babu turbo a jikinsu. Waɗanda maganar ta shafa su ne irin su Hilux mai rubutun D-4D, da sababbin da suka fito daga 2015 masu lita 2.4 da 2.8, da Nissan Navara, da Mitsubishi L200, da Isuzu D-Max, da Ford Ranger, da Mazda BT-50. Idan kana shakka, buɗe bonet ka bi kaurin bututun da ya taso daga turbo ka ga inda ya nufa.

Motoci biyu sun yi suna da wannan matsala. A Amurka, Ford ta sa sabon injin Power Stroke mai lita 6.7 a manyan motocinta F-250 da F-350 tun daga ƙirar 2011. Bututun ɓangaren sanyi na roba mai tauri ne, kuma masu motocin, musamman na 2011 zuwa 2016, sun san shi da tarwatsewa a daidai lokacin da ake jan tirela mai nauyi a kan tudu. Abin ya yawaita har ƙera madadinsa na ƙarfe ya zama kasuwa mai zaman kanta a can. Ta biyu ta fi kusa da mu: Ranger mai injin lita 3.2 da silinda biyar, wadda aka fara ƙerawa a 2011 a Tailan da kuma Silverton kusa da Pretoria a Afirka ta Kudu. Ita tiyon ɓangaren sanyi ne ke tsage mata, abin da makanikan Ostireliya suka sani sarai. BT-50 ta wancan zamani injinsu ɗaya, ciwonsu ma ɗaya.

Kana iya tambaya, me ya kai kamfani yin irin wannan abu da roba? Ba wauta ba ce. Roba ba ta da nauyi, tana da araha, ana iya lanƙwasa ta ta bi kowane lungu, kuma ba ta ɗaukar zafin inji kamar ƙarfe. Aibinta ɗaya: tana tsufa da wuri fiye da sauran motar.

Me ke sa ya fashe?

Duk lokacin da ka taka totur bututun yana kumbura, idan ka ɗaga ƙafa ya saki. Haka yake yi sau ɗaruruwa a tafiya guda, a cikin zafin ƙarƙashin bonet. Shekara da shekaru a haka, roba mai laushi takan bushe ta tsattsage, mai tauri kuma ta yi gautsi. A bazarar Sakkwato ko Agadas ko Injamena, inda zafi ke wuce digiri 40, turbo da iska mai zafi yake farawa tun asali, intakula kuma ba ta da ikon sanyaya iska ƙasa da zafin waje.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne rawar da baƙin mai ke takawa. Kowane inji yana fitar da ɗan tururin mai daga cikinsa. A motocin zamani ba a barin tururin ya fita waje, wani ƙaramin tiyo ne ke mayar da shi bakin turbo don inji ya sake haɗiye shi ya ƙone. Saboda haka cikin bututun intakula kullum da ɗan maiƙo. Maiƙon nan yana jiƙa roba daga ciki har ta yi laushi ta kumbura, kuma idan ya shiga tsakanin tiyo da bakin bututu sai wurin ya yi santsi, tiyo ya fara zamewa a hankali daga ƙarƙashin kilif. Inji in ya tsufa, ringi suka ci, tururin ƙaruwa yake yi.

Akwai kuma motsi. Inji yana zaune ne a kan wasu robobi da ake kira kujerar inji, yana ɗan girgiza a kansu. Intakular da ke gaba kuwa a jikin mota take ɗaure, ba ta motsi tare da shi. Bututu ne ke tsakaninsu yana shan jan. Idan kujerar inji ta mutu, duk tashin mota da duk sauya giya fizga ce a wuyan bututun. Haɗa wannan da hanya mai gargada. Wani lokacin ma gogayya ce kawai: bututu ya jingina da wani ƙarfe ko kan noti, girgiza ta yi ta cin wurin har ya huje.

Kilif ma yana da nasa laifin. In ya saki, tiyo ya fita. In an ɗaure shi fiye da ƙima, ya yanka robar, ko ya murƙushe bakin bututu idan na roba ne. Lura da wannan: idan tiyo ya suɓuce kwana kaɗan bayan an yi wa motar wani aiki dabam, galibi an cire shi ne don a sami hanya, ba a mayar da shi daidai ba.

Na ƙarshe shi ne matsin da ya wuce abin da aka tsara. Wasu kan sa a taɓa kwamfutar mota don ƙara mata ƙarfi, wannan kuma ƙara matsi ne kai tsaye. Turbo na zamani yana da wasu 'yan fikafikai a ciki masu buɗewa da rufewa don daidaita gudunsa, idan toka ta maƙale su sai ya riƙa tura iska fiye da ƙima. Lodin da ya fi ƙarfin mota shi ma yana riƙe matsin a sama na dogon lokaci.

Yaya zan gane cewa shi ne?

Idan fashewa ya yi gaba ɗaya, ba ya ɓoyuwa: ƙara, mutuwar ƙarfi nan take, baƙin hayaƙi, da huci mai ƙarfi daga gaban mota duk sanda ka taka. Injin kuwa yakan ci gaba da aiki, a tsaye ma kana iya jin sa lafiya lau.

Mai wahalar ganewa shi ne ƙaramin tsagu. Mota tana tafiya, amma ta yi nauyi a tudu, tana shan mai fiye da da, tana ɗan hayaƙi idan ka matsa mata, kuma kana jin wani siririn fito ko huci da ke zuwa da taka totur ya tafi da ɗaga ƙafa. Irin wannan tsagu a rufe yake idan mota na tsaye, sai matsi ya taru yake buɗe baki. Alamar da ta fi taimako ita ce maiƙo. Iskar da ke tserewa tana fesa ɗan mai a wurin, ƙura ta manne, sai ka ga baƙin tabo mai danshi a jikin bututun ko a kan abin da ke kusa da shi.

Dalilin hayaƙin yana da sauƙin fahimta. A yawancin motocin zamani akwai ma'auni kusa da matatar iska da ke ƙirga iskar da ta shigo. Ya ƙirga ta tun kafin ta kai inda take tserewa, kwamfuta kuma ta ba da mai daidai da lissafinsa. Man ya iso silinda ya tarar da iskar ba ta cika ba, sauran da bai ƙone ba ya fita baƙi. Idan kwamfuta ta lura lissafin bai daidaita ba, takan kunna fitilar gargaɗi mai hoton inji, wani lokaci ta taƙaita ƙarfin motar da gangan don kare injin, ka koma tafiyar ɗingishi. In aka jona na'urar bincike, lambar da aka fi gani ita ce P0299, ma'anarta matsin turbo ya gaza. A Ranger ana yawan ganin P00BD.

Bakanike ya ce turbo ne ya mutu. In yarda?

Kada ka yi saurin yarda, kada kuma ka yi masa gardama, domin alamomin sun yi kama ƙwarai. Lambar P0299 ba ta ce turbo ya lalace ba. Cewa ta yi iskar da ta iso ba ta kai yadda ake so ba, kuma lafiyayyen turbo da hujajjen bututu za su ba da wannan lamba. Toshewar matatar iska ko ta mai, da nozul mai matsala, su ma suna kawo rashin ƙarfi da hayaƙi.

Abin da za ka roƙa shi ne a gwada hanyar iskar tukuna. A bar inji ya huce, a bi bututun biyu da hannu daga farko har ƙarshe, a matsa tiyo, a leƙa ƙasansa da bayansa da fitila, don tsagu ya fi son inda ido ba ya kaiwa. In ba a ga komai ba, akwai gwajin da ke raba gardama: a toshe bakin hanyar, a tura iska daga kwamfuresa a hankali ba tare da wuce matsin da motar ta saba ba, a yayyafa ruwan sabulu a kan mahaɗai da jikin intakula. Inda kumfa ya taso, nan ne. Wasu garejin hayaƙi suke turawa a maimakon haka. Lokacin gwajin kada kowa ya tsaya saitin abin da aka toshe da shi, don yana iya fita da ƙarfin da zai ji wa mutum ciwo. A duba intakular kanta ma, domin da yawa gefunanta na roba ne da aka maƙala a jikin alminiyam, kuma mahaɗin yakan yi yoyo.

An buɗe na ga mai a ciki. Matsala ce?

Ɗan maiƙo a bango ba komai ba ne, ka riga ka ga inda yake fitowa. Amma idan aka cire tiyo mai ya zubo, ko aka karkata intakula ya tsiyayo, to a nan akwai magana: ko turbo yana zubar da mai, ko inji yana fitar da tururi fiye da ƙima. Wannan ba abin sakaci ba ne. Injin dizal yana iya ƙona baƙin mai kamar yadda yake ƙona dizal. Idan ya zuƙi taruwar mai daga intakula, sai ya yi ta ruri da kansa, ka kashe makulli ya ƙi mutuwa, har ya lalata kansa. A mota mai giyar hannu ana kashe shi ta hanyar taka burki da ƙarfi, a sa babbar giya, a saki kuloci. Kada ka taɓa gwada toshe bakin iskar da tafin hannu. Saboda wannan hatsari ne ake wanke intakula duk lokacin da aka sauya turbo. In kuma da fetur aka wanke, sai ta bushe sarai kafin a mayar, domin tururin fetur ma yana iya tayar da injin haka.

Zan iya lallaɓawa in isa gida?

Za ka iya, in tafiyar gajera ce kuma a hankali. Idan tiyo ne ya suɓuce bai tsage ba, jira inji ya huce, goge maiƙon da tsumma, mayar da shi, ɗaure kilif. Idan tsagewa ya yi, naɗe wurin da robar tub sosai ka ɗaure da waya, zai rage yoyon. Salatif ba ya jure mai da zafi. Daga nan ka riƙa taka totur sama-sama, in da hali a rage kaya.

Abin da ba shi da kyau shi ne mayar da lallaɓawar ta zama zama. Turbo yana ƙara gudu don cike iskar da ke tserewa, kuma gudun da ya wuce ƙima yana rage masa kwana. Hayaƙin da ke fita yana yin zafi fiye da yadda ya kamata. Motocin da aka shigo da su daga Turai ko Amurka da yawa suna da matatar toka a cikin salansa, wadda ake kira DPF, baƙin hayaƙi yana toshe ta cikin ɗan lokaci, ita kuma tsada gare ta. In kuwa bututun a buɗe yake gaba ɗaya, inji yana zuƙar iskar da ba ta bi ta matata ba. A hanyar ƙasa ko lokacin hunturu, ƙura ke nan kai tsaye cikin silinda, tana cin ringi.

Wane iri zan saya?

Tafi da lambar shasin motarka, ko da tsohon bututun a hannu, domin ƙira ɗaya tana iya zuwa da bututu iri-iri gwargwadon shekara da ƙasar da aka yi wa ita.

Sabo na kamfani shi ne mafi sauƙin sha'ani: zai zauna daidai, ba sai an yi masa dabara ba. A Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Panteka ta Kaduna, ko Ladipo ta Legas, ko Suame Magazine ta Kumasi, za a nuna maka na Beljiyam, wato na hannu, da araha. In bututun ƙarfe ne, babu laifi, ƙarfe ba ya tsufa da zama. In roba ce, a ganina kuɗin banza ne, domin shekarunta ɗaya da wadda ta fashe maka, wataƙila ma ta girme ta.

Kada a sa maka tiyon lagireto don kawai faɗinsu ya zo ɗaya. Robar da ake yin sa da ita an tsara ta ne don ruwan zafi, mai yana kumbura ta ya lalata ta. Akwai tiyon silikon, mai launin shuɗi ko ja ko baƙi, wanda ya fi jure zafi. Shi ma ka tambaya ko yana da shimfiɗar da ke hana mai ratsawa a cikinsa, domin silikon zalla mai yana ratsa shi ya riƙa naso a waje.

Bututun ƙarfe ko alminiyam a madadin na roba mai tauri shi ne maganin da masu F-250 suka fi runguma, kuma ga mai jan kaya kullum yana da ma'ana. Amma ƙarfe ba ya lanƙwasa. In ba a bar masa isasshen tiyo mai laushi a bakunansa ba, girgizar inji za ta koma kan wuyan intakula ta fasa shi, an gudu gara an faɗa gidan zago. In mai walda ne zai haɗa maka, ka tabbatar da abu biyu: ya yi ɗan tudun nan a kowane baki don kilif ya sami abin kamawa, kuma an wanke cikin tas. Ɓurɓushin walda da ya rage a bututun ɓangaren sanyi ba shi da inda zai tsaya sai cikin silinda.

Yaya ake sauya shi?

Aikin ba mai wuya ba ne, tsabta yake so. Ana farawa bayan inji ya huce. In akwai ma'aunin zafin iska a jikin bututun, kamar a injin Ford mai lita 6.7, a zare wayarsa a hankali a mayar da shi kan sabon. Da zarar an cire tsohon, a rufe bakunan da suka buɗe da tsumma mai tsabta, kuma a ƙirga tsummokaran don kada a manta ɗaya a ciki. Idan bututun roba mai tauri ne ya tarwatse, a tattara gutsattsarin a gwada haɗa su, a ga ko akwai wanda ya ɓace, a leƙa bakin inji da na intakula a neme shi.

Sai wurin da aka fi yin kuskure. Bakin bututu da cikin tiyo dole su zama busassu, babu ko ɗigon maiƙo. Al'adar shafa giris ko baƙin mai don tiyo ya shige da sauƙi ita ce ke sa ya fita da sauƙi bayan sati guda. In ya yi tauri, ɗan ruwan sabulu ya isa, shi yana bushewa. Wasu makanikan Amurka har abin fesa wa gashi mai danƙo suke fesawa a wurin don ya kama. Inda kawai ake ɗan shafa mai shi ne mahaɗi mai zoben roba da ake turawa ya kulle da waya, don kada zoben ya yage.

A tura tiyo ya wuce tudun bakin sosai, kilif ya zauna a bayan tudun, ba a kansa ba. Kilif mai sifirin ya fi na gama-gari, domin yana bin robar idan ta saki. In tsohon ya lanƙwashe ko haƙoransa sun ci, a sa sabo. Kafin a ɗaure na ƙarshe a juya bututun ya zauna ba tare da an tilasta shi ba, kuma a ga akwai tazara tsakaninsa da duk wani ƙarfe. A nan ne kuma za a nemi dalilin fashewar: a duba kujerar inji, a duba yawan man da ke ciki, a duba da na'ura ko matsin yana wuce iyaka. In ba a yi haka ba, sabon zai bi sawun tsohon. Ɗan'uwansa na ɗaya ɓangaren ma a matsa shi a ji, tare suka tsufa.

Daga nan a goge lambar da ke cikin kwamfuta, a fita gwaji a hanyar da ke da tudu, domin a cikin gareji matsin ba ya taruwa. Bayan kwana biyu ko uku na aiki a sake bin kilif ɗin da sifana, sabuwar roba takan ɗan kwanta.

Nawa zai ci?

Kilif shi ne mafi araha, sai guntun tiyon mahaɗi, sai cikakken bututu. Intakula ta fi su, turbo da DPF kuma sun yi musu nisa. A Amurka cikakken bututun ƙarfe na injin lita 6.7, da tiyonsa da kilif, 'yan ɗaruruwan daloli ne. Na Hilux ko Ranger ko Navara ƙanana ne, farashinsu a kasuwanninmu yana bin canjin kuɗi da kuma ko na kamfani ne ko kwaikwayo. Kuɗin aiki bai kamata ya yi yawa ba: a yawancin motoci awa ɗaya zuwa biyu ne, sai dai inda bututun ya bi ta ƙasa har sai an cire farantin da ke kare cikin mota.

In kana doguwar tafiya inda gareji ke da nisa, kilif biyu masu girman bututunka, da sifanar da ta dace da su, da ɗan tsumma, ba za su cika maka akwatin gaban mota ba. Duk ranar juyen mai kuma ka ce wa yaron gareji ya haska fitila a mahaɗan guda huɗu, ya gaya maka in ya ga baƙin danshi.